Tayoyi masu silika a hanyar Makka zuwa Madina, ga abin da na gani

'Yan uwa masu jigilar alhazai da 'yan umara, tayoyin nan da ake cewa an cuɗa musu wani farin gari mai suna silika na sa wa motata tun kafin zafi ya shigo, kuma wallahi na ga bambanci.

Roba zalla ba ta jure kwalta, sai an zuba mata wani baƙin gari da ake ce wa kabon bilak, shi ya sa ma taya take baƙa. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, da nanomita ake auna su, ido ba ya gani, su ne ke riƙe robar kada ta cinye da wuri kuma suna kare ta daga rana. Amma fa duk juyin da taya ta yi robar na lanƙwashewa tana miƙewa, ƙwayoyin nan na gogar juna a ciki, zafi sai taruwa yake, ga kwaltar Saudiyya da azahar kamar kaskon suya. Silika kuwa, wadda asalinta daga yashi take, ana haɗa ta da sinadarin silan da ke manne ta da robar sosai, sai zafin da ke taruwa ya ragu. Michelin ne suka fara fito da irin wannan taya a 1992.

Hanyar Madina ta fi kilomita 400, in na tsaya a istiraha, wato wurin hutawar matafiya, nakan ɗora hannu a gefen taya, da tsofaffin ko taɓawa ba na iyawa, waɗannan kuwa da ɗumi amma hannu na zama. Shan mai ma ya ɗan ragu. Ran da ruwa ya same ni a gangaren dutsen Hada ina dawowa daga Ta'if, na taka birki motar ta tsaya cak, fasinjoji sai hamdala.

Tsada kam akwai, gaskiya ta ciji aljihu, kuma a hanyar tsakuwa na ga bakin tayar ya ɗan gutsure.

Mai banshar ɗinmu, wato mai gyaran taya, a Shara Mansur da ke Makka ya ce min, Alhaji duba gefen taya, gaban inda aka rubuta TEMPERATURE ka tabbata A ne, ita ce ta fi jure zafi, sannan lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT, in ka ga 1224 to a mako na 12 na 2024 aka ƙera ta. Wadda ta daɗe a sito robarta ta fara bushewa, ko da silika kar ka karɓa.