Tayar bayan tsohon CG125: 3.00-18 ko 3.50 mai haƙora

Malam, tsakanin 3.00-18 mai zanen kwalta da 3.50-18 mai manyan haƙora da kake son sa wa bayan tsohon mashin CG125 ɗin Baba, ɗauki 3.00-18 kawai. Duka biyun sun hau kan nawa mashin ɗin, don haka ba labari aka ba ni ba.

Damina uku ke nan 3.00-18 tana bayan mashin ɗina, gaba kuma 2.75-18 mai zanen layi-layi da ke bin tsawon taya. Ranar da 3.00-18 ɗin ta shiga raina, cikin watan Agusta ne, na ɗauko Hajiyarmu daga Kawo za mu Tudun Wada bayan magariba, ruwa ya tsuge mana a hanya. Wani mai Keke ya yanko gabana babu ko sigina. Na taka birkin baya, na damƙe na gaba, mashin ya tsaya cak, bai ko murguɗa ba. Hajiya tana ta salati, ni kuwa gwiwoyina rawa suke yi. Da muka isa gida sai da na haska tayar da fitilar waya, na ga ƙananan ramukan zanen nan cike da ruwa. Aikinsu ke nan, su kori ruwa gefe don roba ta kama kwalta.

Ka fahimci lambar tukuna. 3.00 faɗin taya ne a inci, 18 kuma girman wilin da za ta zauna a kai. Wannan 18 ɗin ba a taɓa shi, taya mai 17 ba za ta hau ba ko da wa ya rantse maka. Idan ka ga an rubuta 90/90-18, lissafin milimita ne, kuma ita ce ta fi kusa da 3.00, sai dai takan ɗan fi ta faɗi. Wilin tsofaffin mashinan nan siriri ne. In ka cusa masa taya mai faɗi, sai ya matse mata gefe, bayanta ya yi tsini, abin da ke taɓa ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Ga shi injin bai wuce 125cc ba, duk nauyin da ka ƙara wa wili, a wurin tashi da hawan tudu za ka ji shi, a tanki kuma ka biya.

Ita 3.50 mai haƙora, a laka tana kamu, wannan kam ba zan hana ta ba. Ban da haka, wata huɗu ta yi mini tana gugar murfin cen in na ɗauki mutum, tana gurnani a kan kwalta har hannu ya yi sanyi, kuma ta zame da ni a kwana ranar da aka yi yayyafi. Na cire ta da sauran rabin haƙoranta.

In kana zaune ne inda kwalta ta ƙare, irin lungunan cikin Rigasa da damina, nemi 3.00-18 ɗin dai mai zanen murabba'i matsakaici. Ta gaba kuwa bar ta siririya da layinta, ita ce ke sa kan mashin ya miƙe. Wasu tsofaffin da 2.50-18 suka zo a gaba, saboda haka duba abin da ke jikin ta yanzu kafin ka fita.

Sai ka yi hattara da wasu masu shago, don Allah. Akwai wanda ya taɓa miƙo mini taya tana sheƙi, ashe mai ya shafa mata. Da na lanƙwasa gefenta da babban yatsa, sai ga ƙananan tsagu kamar faso. A gefen taya akwai lamba huɗu cikin ɗan zagaye, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 1522 na nufin mako na 15 a 2022. Ni dai in ta haura shekara uku a ajiye ba na saya, musamman wadda aka jingine a rana. Akwai kuma masu sake yanka zane a jikin gwanjon da ta suɗe, za ka gane ta da ramuka marasa daidaito.

Wilinka mai waya ne, dole sai da tub ko da an rubuta wa tayar ba ta buƙata. Sayi sabon tub mai 18 daidai da ita, a canza robar nan da ke rufe kawunan wayoyi, sannan ka tsaya a kan mai faci ya bi kibiyar da ke gefen tayar wajen ɗaurawa.