Yawon Ninh Binh na Rana Ɗaya: Wurin Ya Ci Kuɗinsa, Gaggawar Ce Matsala

Duk baƙon da ya sauka Hanoi, babban birnin Biyetnam, ba zai daɗe ba wani zai miƙa masa takardar tallan yawon lardin Ninh Binh. Otal-otal na sayarwa, ƙananan shagunan tsohuwar unguwa na sayarwa, a intanet ma ba a magana. Kuma kusan duk tsarinsu ɗaya ne: a ɗauke ka da sassafe a ƙofar masaukinka, a kai ka babban wurin bautar mabiya addinin Buda da ake kira Bai Dinh, a ba ka abincin rana, a sa ka a kwale-kwale a Trang An, a ce ka hau dutsen Mua, sannan a dawo da kai bayan isha'i kana layi don gajiya. Irin wannan muka saya ni da yayana da harkar kasuwanci ta kai mu ƙasar. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, don abin da zan faɗa ya shafi tsarin gaba ɗaya, ba su kaɗai ba.

Ta fuskar mota ba ni da ƙorafi. Ta zo a kan lokaci, kujeru masu laushi, na'urar sanyaya iska tana aiki, an raba ruwan gora. Ninh Binh na kudu da Hanoi da kimanin kilomita 90, tafiyar kamar awa biyu a babbar hanya mai kyau. Abu ɗaya da ya ɗan sosa mini rai shi ne tsayawar da aka yi a tsakiyar hanya da sunan kewayawa, alhali kanti ne na kayan tsaraba da aka tsara dole sai ka ratsa ta cikinsa kafin ka kai banɗaki. Ba wanda ya tilasta mana saye, amma lokacin da aka ɓata a nan mun neme shi daga baya mun rasa.

Bai Dinh kuwa girma ne tsagwaronsa. Tun daga wurin ajiye motoci sai an ɗauke ka a wata ƙaramar mota mai aiki da lantarki kafin ka isa ƙofa. An fara gina wannan sabon ɓangaren a 2003, kuma a bayyane yake cewa masu ginin sun yi niyyar kada wani wuri a ƙasar ya kamo su. Akwai ƙararrawar tagulla mai nauyin tan 36 rataye a hasumiyarta. A wani zaure akwai mutum-mutumin Buda na tagulla mai tan 100, an shafe shi da ruwan zinari. A zaure na can sama akwai wasu guda uku jere, kowanne tan 50. Can gefe kuma hasumiya ce mai hawa 13 da ake hangowa tun daga nesa. A nan aka yi babban taron Vesak na mabiya Buda na duniya a 2014. Jagoranmu, wani matashi mai fara'a, ya haddace waɗannan alƙaluma tsaf, yana zubo su ɗaya bayan ɗaya muna binsa da sassarfa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a nan ba zinarin ba ne. Wata doguwar rumfa ce da ke bin gangaren tudun ta ɓangare biyu, an jera mutum-mutumi 500 na dutse a cikinta, na almajiran Buda da mabiyansa ke ganin sun kai maƙura a tsarkin zuciya. Masassaƙan ƙauyen Ninh Van da ke cikin lardin ne suka sassaƙa su, kuma ba biyu da suka yi kama. Wani na dariya, wani ya ɗaure fuska, wani ya tallabe haɓa kamar mai tunanin bashi. Gwiwoyinsu da tafin hannuwansu sun yi baƙi sun yi santsi saboda shafar masu ziyara, wasu ma har cusa ƙananan takardun kuɗi suke yi a tsakanin yatsunsu. Wannan aikin hannu ne da ya kamata mutum ya tsaya ya ƙare masa kallo. Mu kuwa wucewa muka yi kamar ana korar mu, domin an ce abinci na jira.

Mu Musulmi ne, kallo ya kai mu ba ibada ba, kuma ba wanda ya nuna mana wani bambanci. Ana cire takalmi a ƙofar zaurukan, ana son tufa mai rufe kafaɗa da gwiwa, wanda dama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Masu ibada na kunna turaren tsinke suna sunkuyawa, mu muna tsaye daga baya, mun rage murya, ba ma ratsawa ta gabansu. Da jagora ya miƙo wa yayana turare ya kunna, sai ya dafa ƙirji ya girgiza kai yana murmushi, shi kuma ya gane nan take, bai sake tayi ba. Wannan na yaba masa.

Amma ga inda tsarin ya cuce mu. Bai Dinh na asali ba shi ne wannan ba. Tsohon yana can bisa dutse, a cikin kogo, ana danganta kafuwarsa da wani malamin addinin Buda mai suna Nguyen Minh Khong wanda ya rayu a ƙarni na 12, ya kuma yi suna wajen magani. Sai an taka matakala masu yawa kafin a kai. Da na tambaya, jagora ya duba agogo ya ce babu lokaci. Wato an nuna mana sabon gini ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an tsallake wanda ya ba wurin sunansa.

Abincin rana irin na ɗebi-da-kanka ne, kuma a nan sai mai kiyaye halal ya buɗe ido. Ninh Binh ta yi suna da naman akuyar dutse, kowane gidan abinci shi yake talla, amma ba ka san wanda ya yanka ba, ga naman alade a kusan kowane jere. Mun tsaya a kan shinkafa, dafaffen ganye, ƙwai, kifi da awara, kuma mun ƙoshi. Ɗaya abin da suke alfahari da shi shi ne busasshiyar shinkafar gindin tukunya da ake soyawa ta yi ƙarau-ƙarau. Yayana na gani ya ce, "Kai, ashe ƙanzo ma na iya zama abin kai wa baƙi!" Yana da daɗi ƙwarai, sai dai a kula: wanda ake sayarwa a leda yawanci ana barbaɗa masa dambun naman alade a sama. A nemi wanda ba a sa masa komai ba, a kuma tambayi da man da aka soya. Batun salla kuwa, masallaci ɗaya muka sani a wannan yankin, shi ne Al-Noor da ke Hanoi. Mun yi ƙasaru mun haɗa azahar da la'asar a wani lungun lambun gidan abincin, ma'aikatan ma suka nuna mana famfo.

Sai Trang An, wanda shi ne ya biya mini kuɗina har da riba. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma ta ɓangare biyu ta karrama shi, na halitta da na tarihin ɗan Adam, domin an gano alamun zaman mutane a kogunansa na sama da shekara 30,000. Duwatsu ne na farar ƙasa, tsaye ƙiƙam, kowanne lulluɓe da kore, ruwa ya kewaye gindinsu. Shekaru aru-aru ruwa na cin dutsen yana huda shi, har ya zama rafi na shiga ta wannan gefe ya ɓulla ta wancan. Mutum huɗu ake ɗauka a kwale-kwale ɗaya, kowa da rigar kariya daga nutsewa, babu inji, sai ƙarar filafili a ruwa. Ruwan garai-garai, kana ganin ciyawar ƙasa tana kaɗawa.

Wata dattijuwa ce ta tuƙa mu, sanye da malafa da safar hannu, kuma yawancin matuƙan wurin mata ne 'yan ƙauyukan kewaye. Ba ta jin Turanci, mu ba ma jin yarensu, amma idan an zo bakin kogo sai ta buga gefen jirgin ta yi nuni da hannu, kowa ya sunkuya. Ba wasa take ba. A wasu wuraren rufin kogon na sauka har sai ka kwanta bisa gwiwoyinka, ga tsinin duwatsu na rataye suna ɗigar ruwa a ƙeyarka. Yadda take karkata jirgin a wannan matsatsi da duhu ba tare da ya goga ko'ina ba, wannan gwaninta ce ta shekaru. Idan aka fito kuma sai ka tsinci kanka a wani kwari da duwatsu suka rufe ta ko'ina, ba hanya sai wani kogon. A nan ne mutum zai gane dalilin da sarakunan daular Tran suka fake a wannan yanki a ƙarni na 13 lokacin da suke fafatawa da rundunar Mongol. Ana tsayawa a wasu ƙananan ɗakunan bauta na bakin ruwa, a sauka a miƙe ƙafa. Tafiyar ta kusa awa uku, bencin katako ne, baya zai yi tsami, kuma idan rana ta take babu inuwa sai a kogo. Akwai filafilai na ƙari a jirgin, mun ɗauka mun taya ta, ko da yake ina zaton mun fi ba ta aiki. Da muka sauka mun ba ta tukuici, kuma ina ganin duk mai hali ya kamata ya bayar.

Dutsen Mua aka bari na ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu. Matakala ce kusan 500, ba daidai suke ba, wata gajera wata sai ka ɗaga gwiwa sosai. A ƙololuwa akwai dodon dutse mai siffar maciji kwance bisa tsauni, kuma daga nan kana ganin kogin Ngo Dong yana lanƙwasa a tsakiyar gonakin shinkafa, kwale-kwale sun zama 'yan ɗigo-ɗigo. Kallon ya yi, ba ƙarya. Sai dai cunkoson masu ɗaukar hoto a saman ya yi yawa, dutsen kuma kaifi gare shi. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya zauna a ƙasa wurin tafkin furannin bado, bai yi asarar da za ta dame shi ba.

A nan muka yanke shawarar da ta gyara mana tafiyar. Na ce wa yayana, "Yaya, mu bar motar nan ta tafi." Muka kama ɗaki a garin Tam Coc, da safe muka yi hayar kekuna. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, hanya na bi ta tsakiyar gonaki, ga agwagi, ga ɓauna na kiwo. Tafiya kaɗan muka isa Bich Dong, wani tsohon wurin bauta da aka gina hawa uku a jikin dutse: na ƙasa, na tsakiya wanda rabinsa ke cikin kogo, da na sama. Ana shiga ta wata 'yar gadar dutse bisa tafki. Babu zinari mai ɗaukar ido, katako ne da ya sha shekaru, gansakuka a bango, hayaƙin turare ya dafe rufin kogon. Wata tsohuwa na shara, wani mutum na jera 'ya'yan itace a gaban bagadi. A ganina wannan ɗan ƙaramin wuri ya fi Bai Dinh nuna yadda mutanen nan ke riƙe da addininsu, kuma ba ya cikin tsarin da aka sayar mana.

Daga nan muka wuce Hoa Lu, wanda shi ne babban birnin ƙasar daga 968 zuwa 1010. Sarki Dinh Bo Linh ne ya kafa shi bayan ya haɗe kan yankunan da ke yaƙar juna, ya zaɓi wurin ne don duwatsun sun zame masa ganuwa. Bayan mulkin zuriyarsa sai Le Hoan ya hau gadon sarauta, sannan a 1010 Ly Cong Uan ya mayar da fada Thang Long, wato Hanoi ta yau. Fadar ba ta nan, abin da ya rage ɗakunan tunawa ne guda biyu na sarakunan farko, waɗanda aka sake ginawa a ƙarni na 17. Wanda bai san labarin ba zai ga kamar ba komai, don haka a ɗan karanta kafin a je.

Mun kuma gwada kwale-kwalen Tam Coc, inda matuƙa ke tuƙi da ƙafa suna kishingiɗe, abin sai wanda ya gani. Koguna uku ne kawai, tafiyar ta fi ta Trang An gajarta. Sai dai a wurin juyawa masu talla a jirgi kan matsa maka ka sayi lemo ka ba matuƙinka. Wanda zai zaɓi ɗaya, Trang An ya fi natsuwa. Amma daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da shinkafar bakin kogin ke nuna ta yi jawur, Tam Coc ne ke da kasuwa, in mutum zai iya da zafi. A guji makonnin da ke biyo bayan sabuwar shekararsu ta wata, wajen Janairu zuwa Maris, domin bikin Bai Dinh na farawa ne ran 6 ga watan farko, kuma jama'a kan yi dafifi.

Wanda rana ɗaya tak gare shi, ya saya, amma ya nemi tsarin da ke da wuri biyu maimakon uku, ya kuma tambaya tun kafin ya biya ko kuɗin shiga da na motar lantarki na ciki. A kuma lura cewa tun Yulin 2025 an haɗe lardunan Ha Nam da Nam Dinh da Ninh Binh sun zama lardi ɗaya, don haka yanzu sunan ya faɗaɗa har ya haɗa da wurare irin su Tam Chuc, wani katafaren wurin bauta da ke da tazara daga Trang An. A sa mai sayarwa ya rubuta sunan kowane wuri da za a tsaya, da tsawon lokacin da za a yi a cikinsa.