Karyar farautar da na saya wajen dattijon bayan kara

Duk mai neman karen da zai kama masa zomo da gafiya ba na gadin gida ba, gaskiya dattijon nan da ke kawo 'yan kwikwiyo bayan kara ranar kasuwarmu ya san aikinsa. Irin namu ne na gida, masu siririn ciki da dogayen ƙafafu, ba ruwansu da zafin rana kuma tuwo da ƙashi ya ishe su. Abin da ya burge ni baya sayar maka sai ya nuna maka uwar, in ka matsa ma ya ce ka biyo shi daji da asuba ka ga yadda take aiki da idonka.

Tawa kam wallahi hanci gareta, tana shinshina rami zata nuna maka ko akwai gafiya ciki ko tsohon rami ne, in babu komai ko tsayawa bata yi, in kuwa ta fara haƙa tana kuka to ka gyara gorarka. Zomo kuma in ya tashi a fili bata barinsa, sai dai ya samu ƙaya ya shige, kuma in ta kama bata yayyaga naman. Wajen fakara da zabon daji ne take da gaggawa, tun ban matso ba ta tashe su.

Inda ban ji daɗi ba, ko ɗaya cikin karnukansa ba a yi wa allurar haukan kare ba, kuma da kaska na karɓo ta. Wannan ba abin wasa bane, ciwon in ya bayyana a jikin mutum ba a tashi, ga kare kullum yana gamuwa da dila a daji. Ku kai ɗan kwikwiyon asibitin dabbobi da ya cika wata 3, sannan a maimaita duk shekara, a Vom ma kusa da Jos ana haɗa allurar.

Dattijon ya kuma ja mani kunne kar in fita da ita da damina lokacin da zomaye ke da 'ya'ya, kuma na yarda da shi, don tun da nake bin sawu da ita na lura kurege da gafiya suna nan birjik amma zomo ya ja baya sosai duk inda ake cinna wa daji wuta da rani, gada kuwa an jima ban ga ko kashinta ba. Kuɗinsa ya ɗan fi na sauran, amma zan koma in ɗauko namiji in Allah ya kai mu kaka.