Hasken Taga ko na Fitila: Wanne Ya Fi Dacewa da Hoton Ƙananan Tsirrai?

Hajiya, kin tambaya ko ki dogara da hasken taga ko kuwa ki sayi fitila domin ɗaukar hoton na'a-na'a, ɗaɗɗoya da 'yan zogalen da kike reno a tukwane kina sayarwa, tunda hotunan wayarki suna fitowa da duhu. A ganina taga ce kan gaba, sai dai akwai inda fitila ta fi ta.

Hasken taga kyauta ne, kuma yana fito da koren ganye yadda yake, muddin rana ba ta daki tsiron kai tsaye ba. A Kano rana takan tsaya kusan tsakar ka da azahar, shi ya sa hoton tsakar gida a wannan lokaci yakan sa saman ganye ya yi fari fat, ƙasansa kuma baƙi ƙirin. Ki ajiye tukunyar kusa da taga da hantsi ko bayan la'asar, yadda haske zai zo daga gefe, ki rataya farin mayafi marar kauri idan rana tana shigowa, sannan ki jingina farin kwali a ɗaya gefen ya maido haske ya rage inuwa. Aibin taga shi ne rashin tabbas: hadarin damina yana sauya hasken nan take, ƙurar hunturu kuma tana dusashe shi, ga ta tana kwanciya a kan ganye, dole sai an goge da jiƙaƙƙiyar auduga.

Fitila kuwa haskenta ɗaya ne dare da rana, wanda ya dace da mai son hotunan kayanta su yi kama da juna. Ki nemi ƙwan LED mai 5000K zuwa 5500K a jikin kwalinsa (lambar da ke nuna launin haske, wannan fari ne kamar na rana), domin mai 2700K rawaya ne, yakan nuna lafiyayyen ganye tamkar ya fara yaushi. Ki tare shi da farin ƙyalle saboda inuwarsa tana da kaifi, ki kuma tuna cewa idan kika ninka tazarar fitila da tsiro, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai zai saura. Wasu ƙwayayen masu araha suna jawo layi-layi a hoto, fitilar caji kan fi su natsuwa, kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Kada ki haɗa ƙwai mai rawaya da hasken taga, filashar waya kuma a kashe ta.

Abin da za ki sa a bayan tsiron ma yana bin hasken. Farin kwali da aka lanƙwasa daga bango zuwa tebur ya fi dacewa da taga, amma yakan sa waya ta duhunta hoton, sai ki taɓa ganyen a fuskar wayar ki ƙara haske. Baƙin yadi marar sheƙi, wanda ba zai gagara a Kantin Kwari ba, ya fi kyau da fitilar gefe, idan tsiron ya nisance shi da kamar rabin mita. Shadda tana ƙyalli, atamfa kuwa zanenta yakan ɗauke ido daga tsiron, duk a bar su.