Mako takwas a ajin kimiyyar kwantam na yamma a Kano: abin da na biya da abin da na samu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, kuma duk lokacin da muka iso babin ƙwayar zarra a aji na ƙarshe, karanta wa yara abin da ke littafi kawai nake yi, ina fatan kada wani mai kaifin ƙwaƙwalwa ya ɗaga hannu. Wannan ne ya sa da na ga sanarwar wata cibiyar koyarwa da ke wajen Kabuga, cewa za ta gudanar da darasin kimiyyar kwantam na mako takwas, Asabar da Lahadi daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, kuma da Hausa za a yi yawancin bayanin, ban yi wata-wata ba na je na biya. Kuɗin bai kai na buhun shinkafa ba. Ba zan ambaci sunan cibiyar ba, domin akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan kushe.

Mu ashirin da 'yan kai muka fara, yawanci ɗaliban jami'a, sai malaman makaranta uku da wani mai gyaran waya daga kasuwar Farm Centre wanda ya ce shi dai ya gaji da taɓa abin da bai san yadda yake aiki ba. Babban malamin dattijo ne mai sanyin murya, kuma daga ranar farko na gane cewa ya san hannunsa, domin bai fara da lissafi ba, da misalin maƙera ya fara. Ya tambaye mu abin da ya sa ƙarfe idan ya sha wuta yake fara yin ja, sannan ya koma ruwan ɗorawa, daga bisani ya yi fari. Kowa a ajin ya taɓa ganin haka, amma babu wanda ya iya amsawa. Sai ya ce kada mu ji kunya, domin manyan masanan Turai ma lissafinsu ya gaza a kan hasken da abu mai zafi ke fitarwa, har sai a watan Disamba na 1900 da Bajamushe Max Planck ya kawo shawarar cewa makamashi ba ya fita kamar ruwa daga bakin tulu, sai dai ƙulli-ƙulli (wannan ƙullin shi ake kira kwantam), kuma girman kowane ƙulli ya danganta da saurin kaɗawar hasken. Daga nan ya ɗora mu a kan aikin Albert Einstein na 1905, inda ya nuna cewa shi kansa hasken ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, shi ya sa wani launin haske ke iya fizgo ilektiron, wato 'yar ƙwayar da ke ɗauke da cajin lantarki, daga jikin ƙarfe, wani kuma komai ƙarfinsa ba ya iyawa. A kan wannan aikin aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta 1921, ba a kan ka'idar dangantakar lokaci da sarari da ta fi yi masa suna ba. Malam ya nuna mana faifan sola da ke kan rufin shagon da ke kallonmu, ya ce kowace ƙwayar haske da ta faɗa masa sai ta zo da makamashin da ya kai wani mizani kafin ta iya tayar da ilektiron a cikin silikon, in ba haka ba ta zo a banza.

Darasin da ya biya ni kuɗina shi ne na mako na uku. An ɗauke wuta, janaretan cibiyar kuma ya ƙi tashi, maimakon a sallame mu sai Malam ya sa aka toshe tagogi da kwalaye har ɗakin ya yi duhu. Ya fito da 'yar fitilar leza mai jan haske irin wadda ake nuni da ita a taro, ya nemi wani ɗalibi ya tsinko silin gashi guda daga gemunsa, aka yi ta dariya, ya liƙe silin a tsakiyar wani kwali da aka huda, sannan ya haska shi zuwa bango. Ni inuwar gashi na zaci gani. Abin da ya bayyana kuwa jerin ɗige-ɗigen haske ne a kwance, tsakaninsu da duhu, na tsakiya ya fi haske, na gefe suna dusashewa. Muka auna tazarar ɗigon da rula, muka auna nisan bangon, muka fitar da kaurin gashin da hannunmu. Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce wannan gwaji bai wuce nuna cewa haske yana tafiya kamar igiyar ruwa ba, abin da Thomas Young ya nuna da tsagu biyu tun farkon ƙarni na 19, kuma abin mamakin yana farawa ne idan aka rage hasken har ƙwaya ɗaya-ɗaya ke wucewa, ko aka harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya: kowace tana sauka a wuri guda kamar tsakuwa, amma idan suka taru sai wannan zanen na igiya ya fito. Louis de Broglie ne ya yi hasashen a 1924 cewa ilektiron ma yana da halin igiya, kuma gwajin Davisson da Germer ya tabbatar da haka a 1927.

Mako na gaba mai gyaran waya ya zo da ledojin tace haske da ya ɓare daga matattun fuskokin waya. Aka ɗora biyu a gicciye, haske ya ƙi wucewa, suka yi baƙi ƙirin. Malam ya zura ta uku a tsakaninsu a karkace, sai ga haske ya dawo. An ƙara shinge, amma hanya ta buɗe. Ya bayyana mana cewa ledar tsakiya ba tacewa kaɗai take yi ba, sauya halin ƙwayar hasken take yi, kuma ga kowace ƙwaya babu mai iya cewa za ta wuce ko ba za ta wuce ba, iyakar abin da lissafi ke bayarwa shi ne rabon yiwuwa, wanda a nan ya kama kashi ɗaya cikin takwas na hasken da ya shigo tun farko. Ta wannan ƙofar ya shigar da mu lissafin Erwin Schrödinger na 1926 da fassarar da Max Born ya yi masa a shekarar, cewa igiyar da ke cikin lissafin yiwuwar samun abu a wani wuri take faɗa.

Na kuma yaba da yadda ya tsare ajin daga shaci-faɗi. Da aka zo batun ƙwayoyi biyu da suka sarƙe har sakamakon auna ɗaya yake da alaƙa da na ɗayar komai nisan da ke tsakaninsu, wata ɗaliba ta ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba shi ne irin aikin rauhanai da ake faɗa ba?" Ya ce, "A'a 'yata, wannan abin awo ne, ana maimaita shi a ɗakin gwaji kuma a samu amsa iri ɗaya, sannan ba a iya aika saƙo da shi fiye da gudun haske." Ya ba mu tarihin a taƙaice, daga ƙorafin Einstein da abokan aikinsa Podolsky da Rosen a 1935 cewa ka'idar kwantam ba ta cika ba, zuwa hanyar gwaji da John Bell ya fitar a 1964, har lambar Nobel ta 2022 da aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger saboda gwaje-gwajen da suka yi a kai. Kyanwar Schrödinger ma, wato misalin kyanwar da aka rufe a akwati, wadda ake ta yawo da ita a intanet, ya ce Schrödinger ya kawo ta ne a 1935 domin ya nuna inda fassarar ke kaiwa idan aka ja ta zuwa manyan abubuwa, ba domin ya yarda akwai kyanwar da take a raye kuma a mace a lokaci guda ba.

Inda cibiyar ta gaza kuwa ba ƙaramin wuri ba ne. A mako na biyar Malam ya yi tafiya, aka turo mana wani matashi a madadinsa ba tare da an sanar da mu ba, kuma a hannunsa ka'idar rashin tabbas ta Werner Heisenberg ta 1927 ta faɗa. Ya koyar da ita a matsayin gazawar na'ura, wai da za a sami ma'auni mai kyau da an san wurin da ilektiron yake da kuma saurin tafiyarsa daidai wa daida a lokaci guda. Wannan kuskure ne, domin iyakar tana cikin halin abin kansa: igiyar da aka matse a ɗan wuri dole ta ƙunshi kaɗawa iri-iri, wato saurin tafiya iri-iri. Na yi masa magana cikin ladabi, ya ce haka ya karanta. Da Malam ya dawo ya gyara, amma ɗalibai huɗu sun riga sun daina zuwa, kuma da kuskuren suka tafi.

Lissafin ma an yi masa riƙon sakainar kashi. Sanarwar ta ce ba a buƙatar komai sai fiziks na sakandare, amma a mako na shida allo ya cika da alamomin da sai wanda ya yi shekara biyu a jami'a zai bi, kuma takardun da aka yi alkawarin rabawa tun farko guda uku kawai muka gani, su ma da Turanci. Kalmomin Hausar ba su tsaya wuri ɗaya ba. Abin da aka kira ƙulli yau, gobe a kira shi dunƙule, jibi a koma kalmar Turanci, alhali takarda shafi ɗaya mai jerin kalmomi da ta raba gardama. Makon ƙarshe kuwa, wanda aka keɓe wa fiziks na zamani, gudun fanfalaki aka yi. Cikin zama biyu aka ambaci ƙwayar Higgs, mai alaƙa da yadda ƙananan ƙwayoyi ke samun nauyinsu, da aka gano a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba a 2012, aka ambaci ka'idar Einstein ta 1915 kan jan nauyi, aka ce har yanzu ba a sami hanyar da aka tabbatar ta haɗa ta da ka'idar kwantam ba, sai aka rufe. Da an cire wannan mako an ba lissafi, da ya fi mana amfani.

Malamin sakandare irina, ko ɗalibin da ke shirin shiga aji uku a sashen fiziks, zai ci riba idan ya je, da sharaɗin ya tambaya tun wajen biyan kuɗi ko babban malamin ne zai ɗauki dukkan makonnin, ya kuma nemi a ba shi takardun a hannu kafin a fara. Mai neman takardar shaida ta neman aiki kada ya wahalar da kansa, domin wadda suke bayarwa ta halarta ce kawai. Ɗakin yana da zafi idan babu wuta, kujerun na benci ne, kuma mai babur sai ya ajiye a bakin titi. Ni dai na sayi tawa fitilar lezar a Sabon Gari, abokina mai gyaran waya ya ba ni ledoji uku, kuma ranar Talata ta biyu bayan komawa hutu 'yan ajina za su toshe tagogi.