Masu mota a Jos ku yi hattara da mai laftof ɗin "saita giya": ya ci mini Naira 350,000

Naira 350,000. Ku sake karantawa, jama'a, Naira 350,000, kuma motata tana nan a gareji a Farin Gada an ɗaga ta sama, giyabos a kwance. Wanda ya yi mini wannan aika-aika har yau yana tallarsa a Facebook, yana cewa shi injiniya ne mai saita manhajar giyar atomatik don mota ta riƙa canza giya da ƙarfi, ba tare da jan jiki ba. Ba zan rubuta sunansa yanzu ba saboda maganar tana hannun hukuma, amma hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit ɗin tiransifa duk suna hannuna, zan ɗora su ɗaya bayan ɗaya.

Tun kafin wani ya fara yi mini wa'azin "me ya kai ka", ku saurara. Abin da ya tallata ba tatsuniya ba ce, ana yin sa a duniya. Giyar atomatik tana da ƙwaƙwalwarta, ita ke yanke shawarar lokacin da za a canza giya da irin ƙarfin da mai zai danna farantan kuloci da shi. Idan masani ya ƙara wannan ƙarfin ya kuma rage lokacin canjin, giya takan shiga nan take, farantan ba sa daɗewa suna gogar juna. Na karanta wannan tun kafin in san da mutumin a duniya. Motata Marsandi C300 ce ta 2012, 'yar Kwatano, mai giya 7. Ina yawan bin hanyar Abuja, kuma duk wanda ya san Hawan Kibo ya san abin da nake nufi: kana bayan tirela, ka samu sarari, ka taka totur, sai motar ta ɗan yi tunani kafin ta sauko da giya. Wannan ɗan jinkirin kaɗai nake son a cire mini. Lafiyarta ƙalau. Wallahi lafiyarta ƙalau lokacin da na miƙa masa makulli.

Miƙa makullin nan shi ne yake hana ni barci. Muna tsaye a gefen titin Zariya, ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya cusa wayarsa a ramin nan mai baki 16 da ake sa na'urar sikanin, ko dubawa bai yi ba, hannunsa ya san wurin. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, giyar motarka samfurin 722.9 ce, ƙwaƙwalwarta a cikin giyabos ɗin take, cikin mai take kwana." Kuma gaskiya ne. Ya ce mini wannan giyar ba ta da sandar auna mai, ta ƙasa ake zuba mata. Wannan ma gaskiya ne. To ku faɗa mini, wanda ya san waɗannan, ta ina zan gane ɓarawo ne? Aka kira la'asar muka shiga sahu ɗaya, kafaɗarsa na taɓa tawa. Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, motarka amana ce a wuyana." Amana. Da bakinsa ya faɗa, hannuna cikin nasa, ni kuma na zaro makulli na ba shi.

Naira 150,000 ya fara karɓa, kuɗin aiki. A'a, kafin nan ma sai da ya nuna mini bidiyoyi a wayarsa, motoci suna tashi da gudu, ya ce duk aikinsa ne a Abuja. Daga baya wani ƙanena ya gano ɗaya daga cikinsu a intanet, lambar motar ma ba ta Nijeriya ba ce. Wannan hoton ma zan sa.

Ya zauna da laftof a cinya, wani koren layi yana tafiya a hankali a allon, ya ce kada kowa ya taɓa ƙofa kada wuta ta yanke. Da ya gama ya ce sabuwar manhajar a kan S, wato yanayin tuƙi na gudu, take aiki. Na san maɓallin S, kada wani ya zo ya koya mini motata, na san a S tana tashi da giya ta ɗaya tana kuma jan kowace giya ta daɗe. Amma ranar da muka zagaya ta wajen Bukuru canjin ya fi na kullum kaifi, na ji shi a bayana. Sai yanzu Baba, makanikin da ke duba motar, ya warware mini: giyar tana koyon yadda farantanta suka ci, tana ajiye lissafin, idan aka goge wannan lissafin sai ta riƙa canji da ɗan gauri na wani lokaci har ta sake koyo. Abin da ya yi ke nan. Ya goge, ya danna S. Aikin 'yan mintoci, Naira 150,000.

Da ta fara komawa yadda take na kira shi. Ko gezau. Ya ce ai wancan na gwaji ne, cikakken fayil ɗin sai an saya daga Jamus, da lasisi, Naira 120,000. Asusun da ya turo ba sunansa ba ne, sunan mace ne, kuma na tambaya, ku lura na tambaya. Ya ce na uwargidansa ne, nasa ya kai iyakar kuɗin da yake iya karɓa. Mutum nawa ne a kasuwar Terminus suke karɓar kuɗi ta asusun iyalinsu? Na tura. 150,000 da 120,000. Sannan ya ce sabon ƙarfin yana buƙatar sabon mai da sabuwar filta, Naira 80,000, a bar masa motar ta kwana. Ku haɗa: Naira 350,000.

Man nan shi ya kashe ni. Wannan giyar, waɗanda aka ƙera daga tsakiyar 2010 shuɗin mai suke sha, na baya su ne masu ja. Tawa shuɗi. Da Baba ya kwance farantin ƙasa, abin da ya zubo wani jan mai ne da ya koma baƙi, yana warin ƙuna, kuma ko rabin abin da ya kamata bai kai ba. Filtar tsohuwa ce, ba a taɓa ta ba. Baba ya shafa man a yatsa ya nuna mini ɓurɓushin kuloci ya ce, "Yaro, wanda ya yi maka wannan bai ji tsoron Allah ba." Ya sa tasa na'urar, lambar manhajar da ke ciki ita ce ta kamfani, babu fayil ɗin Jamus, babu lasisi, babu komai. Naira 120,000 a kan iska.

Na tsallake wani abu. A Hawan Kibo ta tsaya mini, ina dawowa daga Abuja da iyalina, dab da magariba. Ta yi wata irin girgiza, injin yana ihu mota ba ta gaba, sai ta maƙale a giya ta biyu. Yara a baya, manyan motoci na hawowa, kowa ya san yadda wurin nan yake. Na kira shi daga nan, ya ɗauka ya ce, "Alhaji, kashe ta ka kunna, tana koyo ne." Tana koyo! Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Washegari ya toshe ni. Shagon da ya nuna mini ya ce nasa ne, da na je mai shagon ya ce benci kawai yake ara a gabansa.

Kuɗin gyaran da ake kira mini yanzu ya fi abin da ya ci nesa ba kusa ba, ga kuɗin janwe daga Riyom. Mutumin da muka yi sahu ɗaya da shi. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi, kuma na kai ƙara wajen 'yan sanda na kuma rubuta wa bankina.

Kada ku ba kowa motarku ta kwana. Ku ce a nuna muku lambar manhajar kafin aiki da bayansa, ku tsaya a zuba mai a gabanku, asusun da ba sunansa ba kada ku tura ko sisi. Duk wanda wannan mai laftof ɗin ya taɓa a Jos ko Abuja ya yi mini magana ta akwatin sirri, rasit ɗin 120,000 zan fara ɗorawa da daddare.