Hattara masu sayen mota a Gombe: "Sensa ce kawai, Alhaji"

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ke shirin sayen mota ta hannu a Gombe da kewaye, ko direban da ke tara kuɗi ya mallaki tasa, ya karanta wannan kafin ya miƙa ko sisi. Akwai wasu dillalai da 'yan kanzaginsu da suka ƙware wajen sayar da motar da injinta ya gama yawo, kuma makaminsu 'yar magana ce guda: "Sensa ce kawai, Alhaji, canza ta za ka yi." Ban ce duk dillalai ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, su ma wannan abu yana ɓata musu suna.

Suna faɗin haka ne idan ka ga wutar mai ta kama, wato jar nan ta gaban direba mai hoton 'yar buta tana ɗiga. Mutane da yawa sun ɗauka yawan baƙin mai take nunawa. A'a. Ƙarfin da famfo ke tura man zuwa cikin inji take nunawa. Kana iya zaro geji ka ga mai cif a kan layi, alhali ba ya isa wurin metal da karanshaf, wato sassan cikin inji masu gogayya da juna, yadda ya kamata. A yawancin tsofaffin motocinmu sensar 'yar aba ce da aka ɗaura a jikin inji, da waya guda ɗaya. In ƙarfin mai ya faɗi ƙasa sosai, wajen 5 zuwa 7 a psi, wato ma'aunin ƙarfin turin mai, sai ta kunna wutar. Lafiyayyen inji kuwa, bakanikai kan ƙiyasta yana son kamar psi 10 a kan kowane juyi 1,000 a minti. Kenan kafin wutar nan ta kama, abu ya riga ya yi nisa.

Gaskiya ne sensa tana lalacewa. Tana yoyo, tana ƙarya, wayarta tana tsinkewa. Da wannan gaskiyar mayaudaran ke fakewa. Amma ƙarfin mai yana faɗuwa don metal ya cinye, ko famfon mai ya gaji, ko rariyar da ke zuƙo mai daga kaskon ƙasa ta toshe da dauɗa saboda an daɗe ba a juye ba, ko an yi ta zuba jabun mai. Wuta ɗaya ce ke nuna duka, kuma da ido ba mai iya rabe maka wanne ne.

Masu cewa "sensa ce" ma su ne masu sauƙi, tunda aƙalla ka ga wutar. Miyagun su ne waɗanda ke kashe ta gaba ɗaya. Wani zare wayar sensar yake yi ya cusa ta bayan inji. Wani ya kai wa mai wayarin ya buɗe dashbod, a cire ƙwan ko a liƙe shi da baƙin salatif. Wanda ya fi su wayo kuma sai ya sa a haɗa wutar mai da ta caji, yadda in ka murɗa makulli za su kama tare, in mota ta tashi su mutu tare, ka rantse komai lafiya. Masu Golf 3 su lura da kyau: da yawansu sensa biyu gare su, ɗaya ta silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, ɗaya kuma tana sa ƙararrawa ta yi tsuwa idan juyin inji ya haura 2,000 ƙarfin mai bai kai ba. Wannan ta biyun ake kama wayarta a ɗaure a bodi, tsuwa ta ɗauke har abada. An ɗaure wa maigadi baki, ɓarawo kuwa yana cikin gida.

Daga nan sai a zo kan man. Za a juye a zuba mai kauri, wani ma har ya haɗa da man giyar mota ko irin maganin nan mai danƙo da ake sayarwa a gwangwani, don ƙarar metal ta lafa. Sannan a kira ka ganin mota da sassafe, inji da sanyinsa. Mai in yana da sanyi kauri gare shi, ƙarfinsa sama yake. Za a ba ka ka zaga daga Jekadafari zuwa Tashar Dukku ka dawo, dillali na gefenka yana ta zuba, waya na ta shigo masa wai ga wani Alhaji daga Bajoga yana hanya da kuɗi a hannu. Wannan 'yar zagayawar ba ta isa ta gasa mai ba.

Haka aka yi wa wani maƙwabcina da ya sayar da shanunsa ya sayi Sharon don jigilar Gombe zuwa Yola. A gari lafiya lau. Ranar da ya yi lodi cikin zafin bazara, ya wuce Kumo, bai kai Billiri ba inji ya fara ƙwanƙwasa, kafin ya gangara gefe ya buga. Ko sau ɗaya wuta ba ta kama ba. Da aka ja motar zuwa gareji aka buɗe dashbod, sai ga salatif a kan ƙwan. Dillalin da ya yi ta ce masa "ɗan'uwa" ranar ciniki cewa ya yi ai mota ƙarfe ce, kuma an saya an sayar. Ba takarda, ba shaida sai yaran dillalin. Ga iyali, ga kuɗin wani injin.

To ga abin yi. Kafin a tayar da mota, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ka tsaya. Dole ka ga wutar butar nan. In babu ita, kada ka saurari bayani. In ta kama, tayar da motar ka duba ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. Sai ka sa bakanikenka, naka na kanka ba wanda dillali ya kawo ba, ya leƙa ya ga waya na jikin sensa. Ya zare ta, a sake murɗa makulli. A motoci masu waya ɗaya wutar ba za ta kama ba in an zare. In ta kama kamar ba a taɓa komai ba, to daga wani wuri aka jawo mata wuta.

Duk wannan share fage ne. Hukunci na wurin agogon awon ƙarfin mai. Ana kwance sensar a ɗaura agogon a gurbinta, a bar inji ya yi zafi sosai har fanka ta tashi, a karanta a silo, a taka totur a sake karantawa, a gwada da abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Aikin bai kai awa guda ba. In da hali a juye man da ke ciki a zuba irin wanda littafin motar ya ce kafin a auna, ko da kai za ka biya, domin a nan asirin mai kauri ke tonuwa. Ka kuma hau titi da ita da gaske, ka miƙa hanyar Dadin Kowa ko ta Bauchi har inji ya gasu, sannan ka tsaya ka bar ta a silo ka zuba wa wutar ido. Injin da ya gaji a nan yake fara ƙyafta wuta. Mai motar da ya ƙi yarda a ɗaura agogo ya riga ya ba ka amsa.

Kada kuma a ruɗe ka da "mun sa ta a kwamfuta ba ta nuna komai ba". A motoci da yawa na da, wayar sensar kai tsaye take tafiya dashbod, kwamfutar ba ta san da zamanta ba. A sababbi ana iya ganin lamba irin P0520 ko P0524, amma goge lamba aikin minti ɗaya ne, ana iya yi kafin ka iso.

Damfarar tana da ɗaya fuskar, ita kuma a wasu garejin take. Wuta ta kama maka, ka je a tsorace, bakanike ya kara kunne a inji ya girgiza kai ya ce sai an sauke. Alhali sensa ce da gaske, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba. A canza ta a ɓoye, a wanke inji da fetur, a karɓi kuɗin metal da ringi da famfo. Maganin wannan ma agogon ne. Duk wanda ya ce a sauke inji bai auna ba, ɗauki motarka ka gaba, ko da janta za a yi. In kuma an yi aikin, ka ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire.

Wani zai ce to in an auna an tabbatar sensa ce, ba sai in ci gaba da hawa ba? Inji ba zai buga don sensa ta mutu ba, amma ka zama mai tuƙi ba mai faɗa maka komai. Ranar da filta ta saki ko dutse ya fasa kasko tsakanin Alkaleri da Bara, mintoci kaɗan sun isa inji ya tashi aiki, wutar da ka saba gani kullum kuwa ba za ta ɗaga maka hankali ba. Sensa mai yoyo ma da kanta tana zubar da mai. Canza ta a ranar, ka nemi ta kirki, don jabu sun cika kasuwa. In kuwa wutar ta kama kana tafe ba ka san dalili ba, gangara ka kashe nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gari.

Wajen biya, a rubuta yarjejeniya da sunan mai motar na ainihi da na dillali, da lambar inji da ta bodi, da shaidu daga ɓangarenka. A sa a ciki ƙarara cewa ba a taɓa wayarin wutar mai ba, kuma in aka samu an taɓa, ciniki ya warware. Malamai sun san wannan, ɓoye aibin kaya algus ne, kuma mai saye na da haƙƙin mayarwa. Ka tura kuɗi ta banki don a samu shaida, ka riƙe la'ada sai an gama awo. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada ya bari a cire salatif ko a gyara wayar sai ya ɗauki hoto da bidiyo a gaban shaidu, sannan ya kai wa shugabannin ƙungiyar dillalan wurin. In sun kasa, ya wuce wurin 'yan sanda ko kotu da hotunan da takardar tura kuɗin.